Kwamfuta tara, asusu ɗaya: yadda wani ɗakin bincike a Yamai ya sake tsara lambobin mutanensa da rabon faifansa

Wurin da abin da ke cikinsa

Ɗakin binciken yana cikin birnin Yamai, ba zan faɗi sunansa ba. Aikinsa lissafin damina ne: inda hadari ke haɗuwa, yadda yake tasowa daga gabas ya nufi yamma, da yawan ruwan da zai zubar. Manhajar da suke aiki da ita WRF ce, wadda cibiyar NCAR ta Amurka ke kula da ita kuma ake samunta kyauta. Abincinta bayanan yanayi ne masu nauyi, galibi ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wanda ya faro tun daga 1940. Wanda ya taɓa sauko da irin waɗannan fayiloli da intanet ɗinmu ya san ba abin da ake so a rasa ba ne, domin sake sauko da su aikin makonni ne.

Masu amfani da injinan su 15 ne: babban malami, masu bincike 3, ɗalibai 11. Mai kula da injinan mutum ɗaya ne, matashi mai haƙuri, wanda kafin wannan aiki shi ke gyara na'urar buga takardu da wayoyin intanet na ginin gaba ɗaya.

Kayan da suka samu kwamfuta 9 ne. Ɗaya babba, wadda za ta zama uwar gungu (gungu shi ne kwamfutocin da aka haɗa suna aiki kamar inji ɗaya), tana da faifan SSD mai giga 480 da manyan faifai biyu masu tera 8 kowanne. Sauran 8 kwamfutocin tebur ne na yau da kullum, kowace da RAM giga 32 da faifai mai tera 1. Su ne ƴaƴan gungun, masu ɗaukar lissafi. Akwatin haɗa waya mai gudun gigabit 1 ne ya haɗa su. Dabarar tsohuwa ce: a 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na kasuwa a cibiyar Goddard ta NASA, suka ɗora musu Linux, suka kira abin Beowulf. Tun daga nan masu ƙaramin ƙarfi ke bin sahu.

Ni an kira ni ne a ƙarshen Afrilu. Abin da ya gabata na tattara shi daga bakin mai kulan, da bakin ɗaliban, da rajistar da injinan ke rubuta wa kansu.

Nuwamba: kwana uku na girkawa

An ɗora Ubuntu 22.04 a kan duka taran cikin kwana uku. Duk tambayar da manhajar girkawa ta yi game da faifai, an amsa mata da zaɓin da ta kawo da kanta. A kan uwar gungu wannan yana nufin ta ɗauki SSD ɗin, ta sa shi ƙarƙashin LVM, tsarin yanka faifai yanki-yanki da ke ba da damar ƙara wa yanki girma daga baya, ta yanka wa tushen tsarin giga 100, ta bar saura ba tare da ta ba kowa ba. Haka take yi idan faifai ya haura giga 200, kuma tana nuna hakan a shafin da ke biye, sai dai mai sauri ba ya tsayawa karanta shi. Jakar /home, inda kowa ke ajiye kayansa, ta zauna cikin wannan giga 100 ɗin tare da tsarin kansa, da rajista, da komai.

Daga manyan faifan biyu, an saka ɗaya, aka ɗaura shi a /data, aka rubuta shi cikin fayil ɗin /etc/fstab, jerin faifan da injin ke ɗaurawa idan ya tashi, da sunan /dev/sdb1. Na biyun aka bar shi cikin kwalinsa a kabad, don gaba.

Sai asusun mutane. A Ubuntu asusun farko da aka buɗe lokacin girkawa shi ke karɓar lamba 1000, na biye 1001, haka har ƙarshe. Mai kulan ya girka uwa da ƴaƴa huɗu na farko da hannunsa, ya buɗe asusu bisa jerin sunayen da malam ya ba shi. Rana ta uku aka kira shi wani ofishi, sai wani ɗalibi mai ƙwazo ya ƙarasa sauran huɗun. Ɗalibin ya fara buɗe nasa asusun a kowace, sannan ya bi da na abokansa da ke zaune a ɗakin, sannan sauran. Sunaye duka sun cika a ko'ina. Babu wanda ya duba lambobi.

Aka fitar da /home ta NFS, tsarin raba jakunkuna ta waya, domin kowa ya ga jakarsa daga kowace kwamfuta. Gwajin farko da asusun mai kulan, a kan ƴaƴa huɗu na farko, ya tafi lafiya, aka dafa shayi.

Disamba: rabin gungun ya ƙi mutanensa

A lokacin ba su da manhajar jera ayyuka. Mai aiki yakan tayar da WRF da mpirun, manhajar da ke raba aiki ga kwamfutoci, ita kuma ta shiga kowace kwamfuta ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, da sunansa, da makullin da ke cikin jakarsa, ba tare da kalmar sirri ba. A kan ta 1 zuwa ta 4 abin yana tafiya. Da an haɗa da ta 5 zuwa ta 8 sai aiki ya tsaya cak yana neman kalmar sirri, ko ya mutu yana cewa ba shi da izini.

Dalilin yana nan: suna na ɗan Adam ne, Linux lamba ta sani. Kowane fayil yana ɗauke da lambar mai shi, wadda ake kira UID, da lambar rukuninsa. NFS, wadda kamfanin Sun ya ƙirƙiro a 1984, a tsarinta na yau da kullum lambar nan take turawa ta waya. To wata ɗaliba lambarta 1004 ce a kan uwa, jakarta ma 1004 ce ke kanta. A kwamfuta ta 5 kuwa lambarta 1009 ce, kuma 1004 wani ne daban. Idan ta shiga ta 5, baƙuwa ce a ƙofar ɗakinta, shi kuma wancan, da ya sani, da ya buɗe jakarta ya karanta komai ba tare da ya karya doka ko ɗaya ba.

Ba a gano wannan ba a lokacin. Abin da aka gani shi ne saƙon rashin izini, don haka aka nemi maganin izini: aka buɗe jakunkunan kowa ga kowa da chmod 777. Gyaran gangar Abzinawa ya zama. SSH tana da ƙa'idar da take bi da kanta, idan ta ga jakar mutum kowa na iya rubutu a ciki sai ta ƙi amincewa da makullin da ke wurin, tunda wani na iya sauya shi. Washegari har huɗun da ke aiki suka fara neman kalmar sirri.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙara dagula ruwa, kuma duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a Nijar zai gane shi. Allon madannai na ɗakin na Faransa ne, AZERTY, amma biyu daga cikin kwamfutocin an girka su da tsarin QWERTY. Mutum ya danna harafin a, injin ya karanta q. Ya danna m, wani abu ya fito. Lambobi kuma a AZERTY sai an haɗa da madannin ɗagawa. Tunda kalmar sirri ba ta bayyana a allo, mai kulan ya yi yini guda yana zaton ya manta abin da ya sa.

Janairu: asusu ɗaya ga kowa

Lokacin miƙa aiki ya matso wa ɗalibai uku, malam ya ce a samo mafita ko ta halin ƙaƙa. Aka buɗe sabon asusu guda a duka taran, rana ɗaya, kuma wannan karon mai kulan ya tilasta masa lamba ɗaya, ba don ya gano tushen matsalar ba, sai don umarnin da ya kwafo yana ɗauke da lambar. Aka rubuta kalmar sirrin a takarda aka manna a jikin kabad. Kowa ya koma shiga da shi, kowa ya buɗe jaka da sunansa a ciki.

Ya yi aiki. A karon farko WRF ta gudu a kan ƴaƴa takwas. Dole in faɗi wannan, domin shi ya sa tsarin ya daɗe.

A mako na uku na watan wani ɗalibi ya shiga jakar da ya zaci tasa ce, ya gyara fayil ɗin namelist.input, wanda ke faɗa wa WRF abin da za ta lissafa, ya tayar da aiki. Jakar ta wata ɗaliba ce, sunayen jakunkunan harafi ɗaya ya bambanta su. Kwanakin da ya zaɓa sun yi daidai da nata, don haka sababbin fayilolin sakamako, wrfout, suka hau kan nata suka shafe. Lissafin mako uku ne. Injin bai yi gargaɗi ba, a wurinsa mai kaya ne ke sake rubuta kayansa. An ce ta zauna a bakin ƙofa har bayan la'asar ba ta yi magana da kowa ba. Kuma da aka nemi sanin wanda ya yi, rajista ta nuna suna ɗaya tilo, sunan asusun kowa da kowa. Shi ya zo ya faɗa da bakinsa, ya ba ta haƙuri.

Fabrairu da Maris: rumbu ya cika

Wata safiya babu wanda ya iya shiga. Ayyukan dare duka sun mutu da saƙon cewa babu sauran wuri. Mai kulan ya duba ya ga tushen tsarin ya cika ɗari bisa ɗari a giga 100, alhali takardar saye ta ce faifan giga 480 ne. Har an fara zargin an kawo musu kayan jabu. Abin da ya cece shi ya iya yin gyara shi ne ext4, tsarin jera fayiloli da ke kan faifan, tana ware kashi 5 cikin 100 na yanki ga babban asusu, root, domin irin wannan rana.

Aka goge abin da aka iya, aka kwashe manyan jakunkuna zuwa /data aka bar mahaɗa a gurbinsu. Ƴaƴan gungun ba sa ganin /data, don haka mahaɗan suka zama hanyar da ba ta ɓullewa, sai da aka fitar da shi ma ta NFS. Bayan mako biyu tushen ya sake cika, wannan karon ba laifin kowa ba: wani saƙon kuskure ne ke maimaita kansa cikin /var/log dare da rana har ya cinye giga masu yawa. Daga nan goge-goge ya zama aikin kowace Litinin.

Aiki kuma ya yi nauyi. Waya mai gigabit 1 ba ta wuce mega 125 a daƙiƙa ko a takarda, kuma kowa ta nan yake karatu da rubutu, har da masu tace bayanai kafin lissafi, aikin da kwamfuta ɗaya ke iya yi ita kaɗai. A gefe guda faifai takwas masu tera 1 suna zaune kusan wayam.

Afrilu: ranar da aka ɗauke wuta

Afrilu a Yamai zafi na haura digiri 40, wuta kuma tana yawan tafiya. Batiran na'urar riƙe wuta, ondila, sun riga sun gaji. Wata ranar Alhamis da rana wuta ta tafi, komai ya mutu lokaci ɗaya. Da ta dawo, uwar gungu ta ƙi ƙarasa tashi, ta tsaya a allon gaggawa, ƴaƴan kuma suka yi cirko-cirko suna jiran jakunkunan da ba su zo ba.

Wani mai bincike ya bar faifansa na waje a maƙale ta USB tun safe. Sunaye irin su sda, sdb, sdc ba a jikin faifai suke ba, Linux ce ke raba su bisa wanda ta fara gani yayin tashi. Wannan karon faifan baƙon ta fara gani, ta ba shi sdb, babban faifan ya koma sdc. Layin fstab ya nemi ext4 a sdb1, ya tarar da faifan da aka tsara don Windows, ɗauri ya ƙi.

Mai kulan ya kashe layin domin injin ya tashi, ya kuwa tashi. Amma /data yanzu jaka ce kawai a kan tushe, babu komai a ciki, kuma haka NFS ta nuna ta ga ƴaƴan. Ɗaliban suka buɗe suka ga wayam: tera 4 da ɗoriya, aikin wata biyar da duk ERA5 ɗinsu. Wani cikin ruɗewa ya fara sake sauko da bayanai cikin wannan jakar, tushe ya sake cika kafin magariba.

Da dare ya kira ni. Ya ce: "Yaya, faifan ya lalace. Na ga an ce in sake tsara shi sannan in gwada manhajar ceto." Na ce masa: "Ƙanena, don Allah ɗauke hannunka daga allon. Rubuta lsblk kawai, ka karanto mini abin da ka gani." Ya karanto: sdb mai tera 1.8, sdc mai tera 7.3, yadda injin ke nuna faifai mai tera 2 da mai tera 8. Na tambaye shi ko yana da faifai mai tera 2 a cikin injin. Ya yi shiru, sannan na ji ya ja kujera ya zagaya bayan tebur. Ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Umarnin sake tsarawa da ya riga ya rubuta yana jiran dannawa, a kan sdb1 yake, wato da faifan baƙon zai shafe.

Mayu, mako na farko: littafin lambobi

Malam ya amince a tsayar da aiki kwana goma a sake komai. Ba mu taɓa inji ba a kwana biyun farko. Mun sayi littafi mai bango mai ƙarfi irin na masu shago, muka ja layuka: cikakken suna, sunan asusu, lamba, rukuni, ranar buɗewa, ranar rufewa.

Lambobin mutane suka fara daga 2001, na rukuni daga 3001. Dalili biyu ne. Na farko, manhajar girkawa za ta ci gaba da raba 1000 da abin da ke biye, gara a yi nesa da ita. Na biyu ya fi muhimmanci: tsoffin fayiloli suna ɗauke da tsoffin lambobi. Da a cikin jerin da muke ciki za mu gyara, mu mayar da kayan 1004 zuwa 1005 sannan kayan 1005 zuwa 1006, da kayan mutum biyu sun cakuɗe ba mai iya warware su. Ƙaura zuwa sabon fili gaba ɗaya ta kawar da wannan. Muka kuma rubuta a shafin farko cewa lambar wanda ya tafi ba a ba wani, ko da shekara nawa, domin tsoffin fayilolinsa suna nan kuma sabon mai lambar zai gaje su.

Sunan asusu ya ɗan jawo muhawara, tunda a ɗakin akwai mutum uku masu suna ɗaya, kowa da irin rubutun da takardar haihuwarsa ta zo da shi. Aka tsaya a kan harafin farko na suna haɗe da sunan mahaifi, ƙananan haruffa, babu lanƙwasa babu alamar Faransanci, idan an yi karo a ƙara lamba.

An kawo shawarar LDAP, wato ma'ajiyar asusu guda da kowace kwamfuta za ta riƙa tambaya. Ita ce hanyar manyan cibiyoyi. Mun bar ta saboda mutum 15 ne da mai kula ɗaya, kuma duk abin da ba zai iya gyarawa shi kaɗai da tsakar dare ba, kaya ne muka ɗora masa. Muka zaɓi Ansible: jerin sunaye da lambobi a fayil ɗaya, umarni ɗaya ya buɗe su iri ɗaya a duka taran. Ikon sudo, wato na ba da umarni a matsayin root, mutum biyu kawai, mai kulan da mai bincike ɗaya. An hana root shiga daga nesa da kalmar sirri. Kowace kwamfuta ta samu asusun gyara wanda jakarsa ke kan faifanta, ba a NFS ba, domin a iya shiga ko uwa na kwance. Jakunkunan aikin haɗin gwiwa aka ba su izinin 2770, yadda duk abin da aka ƙirƙira a ciki zai gaji rukunin jakar.

Mafi wahala shi ne kayan tsohon asusun kowa da kowa. Babu umarnin da zai san mai su. Kwana biyu aka yi ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar rabon gado, kowa ya nuna nasa a mayar masa a kan sabuwar lambarsa. Kusan giga 600 ba su samu mai su ba. Aka ajiye su wata uku, ba wanda ya nema.

Mayu, mako na biyu: rabon faifai

Tambayar da muka yi wa kowane yanki ita ce: wa ke rubutu a nan, kuma idan ya cika wa zai faɗi tare da shi?

An sayo SSD na biyu aka haɗa su madubin juna, RAID 1. Teburin rabo GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya wuce tera 2 kuma manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka. Bayan ƙananan yankunan tashi, sauran ya shiga LVM: tushe giga 60, /var na rajista giga 40, /tmp na wucin gadi giga 20, musanya (swap, inda RAM ke zuba rara idan ta cika) giga 8, /opt giga 100 domin WRF da ɗakunan karatunta irin su NetCDF da Open MPI, wanda ake fitar wa ƴaƴa don karatu kawai. Sama da giga 200 muka bari ba a raba ba, da gangan wannan karon, kuma a rubuce.

Manyan faifan su ne suka kawo jayayya. Malam yana son tera 16, tunda kuɗin tera 16 aka biya. Madubi zai bar shi da 8, wanda injin ke nunawa 7.3. Bai yarda ba sai da ɗalibar da ta rasa aikinta a Janairu ta tambaye shi cikin ladabi, mako nawa za a yi ana sauko da ERA5 idan faifai ɗaya ya mutu a wannan zafi. Ya ce a yi madubin.

Tunda faifai ɗaya na ɗauke da kaya, sai muka gina madubin da ƙafa ɗaya a kan wanda ke cikin kwali, muka kwashe komai da rsync, muka tantance, sannan muka shigar da tsohon. Daidaitawar ta ci kusan awa 15. A tsawon wannan lokaci kwafi ɗaya ne cikakke, don haka muka zaɓi ranar da aka tabbatar mana da man janareto, muka kuma watsa kwafin muhimman abubuwa a faifan ƴaƴa. Ban yi barcin kirki ba a daren.

A kai aka yanka /home tera 1, /data tera 5, saura a ajiye. Mun tsaya a kan ext4 maimakon XFS saboda XFS ana faɗaɗa ta amma ba a rage ta, mu kuwa ba mu tabbatar rabonmu daidai ne ba. Kowane mutum ya samu iyaka a /home: giga 30 ta gargaɗi, 40 ta tsayarwa, da wa'adin kwana 7 tsakaninsu. A fstab babu sauran sdb ko sdc, kowane yanki da UUID ɗinsa, lambar da ke rubuce a jikin yankin kuma ba ta sauyawa da tashi. A fayil ɗin fitarwa na NFS muka ƙara sharaɗin mountpoint, wanda ke hana fitar da jaka idan faifanta bai ɗauru ba.

Ƴaƴan takwas duka iri ɗaya: tushe giga 50, musanya giga 8, saura /scratch na aikin wucin gadi, ana share duk abin da ya kwana 14 ba a taɓa ba. Sai a ƙarshe muka ɗora Slurm domin jera ayyuka, tunda ita da MUNGE da ke tantance mata mutane suna buƙatar lambobi iri ɗaya da agogo iri ɗaya. Takardar shaidar MUNGE minti 5 take yi ta ƙare, kuma biyu daga cikin kwamfutocin suna mance lokaci duk sanda wuta ta tafi. Batirin CR2032 guda biyu da chrony, manhajar daidaita agogo, suka gyara wannan.

Kafin a buɗe wa mutane mun yi ɓarna da gangan: mun cika /tmp, mun maƙala faifan waje mun sake tayarwa, mun zare wayar wuta. Duka ukun injin ya tashi da kansa.

Yuni zuwa Satumba: damina

Gungun ya yi damina yana aiki. Wuta ta tafi sau da yawa, kuma madubin yakan daidaita cikin mintoci saboda mdadm, manhajar da ke kula da shi, na riƙe taswirar wuraren da aka taɓa. A Yuli /var ya kai kashi 90, aka ƙara masa giga 20 daga ajiya ba tare da an kashe inji ba. A Agusta wani aiki ya cika /data, ayyukan da ke rubutu a can suka tsaya, amma kowa ya iya shiga, kuma umarni ɗaya ya nuna mai kayan. Sababbin ɗalibai biyu sun shigo, kowanne layi ɗaya a littafi da layi ɗaya a fayil.

Iyakar giga 30 ta sha suka a makonnin farko. An ɗaga wa mutum biyu da suka kawo dalili.

Asara ɗaya aka yi. Wani mai bincike ya goge jakarsa da hannunsa bisa kuskure, ya zo da murmushi yana cewa ai akwai madubi. Madubi kuwa abin da aka yi wa faifai ɗaya shi yake yi wa ɗayan a daƙiƙar. Daga ranar aka fara kwafar /home kowane dare zuwa wani yanki da aka ware a faifan kwamfuta ta 8.

Abin da na gani

Ban ɗora wa mai kulan laifi ba, kuma ban yarda da waɗanda suka ɗora masa ba. An ba mutum ɗaya kwana uku ya yi aikin da rabinsa shawara ce ba danna madanni ba, kuma babu wanda ya zauna da shi ya faɗa masa girman abin da WRF ke fitarwa ko mutum nawa za su shigo. Zaɓin da Ubuntu ke kawowa da kanta daidai ne ga kwamfutar mutum ɗaya. Kowace cikin taran, ita kaɗai, lafiyarta ƙalau. Ɓarakar a tsakaninsu take, shi ya sa duk gyaran da aka yi ta kallon saƙon da ke kan allo ɗaya ya kauce.

Asusun kowa da kowa shi ne abin da na fi jin takaicinsa, saboda ya yi aiki. Ya rufe maganar lambobi wata huɗu, kuma ɗalibar da ba ta da hannu a shawarar ita ta biya da mako ukunta. Buɗe izini da 777 ya fi shi sauƙin illa, tunda ya faɗi nan take aka gane.

Game da faifai, girman yankunan da muka zaɓa ba shi ne abin koyi ba, /var ma mun yi masa kaɗan. Abin da ya riƙe gungun shi ne raba masu rubutu da juna da barin fili a ajiye. LDAP kuma ina ganin za ta zama dole idan mutane suka haura talatin ko aka samu mai kula na biyu.

Har yanzu /data ba shi da kwafi a wajen ɗakin. Faifan biyu suna cikin akwati ɗaya, a kan wayar wuta ɗaya, ƙarƙashin rufin da ya yi yoyo sau biyu a Agusta. An rubuta takardar neman faifai na uku da sababbin batiran ondila tun watan Yuni, mai kulan yana bin sawunta kowane mako.